Dutsen da Aka Rataye a Ɗakin Iya Jummai

Surukata Iya Jummai ta faɗi a bakin rijiya a farkon daminar shekarar da aka gama yaƙin basasa, kuma tun daga ranar ta ƙi tashi. Mun kai ta asibiti, likita ya matsa nan ya matsa can, ya ce babu ƙashin da ya karye, tsami ne kawai, ta ɗan huta ta fara takawa. Iya ta dube shi sama da ƙasa ta tambaye shi ko ƙafar tasa ce. Muka dawo da ita gida Sabon Gari, ta kwanta a tabarma, ta juya fuska ga bango. In na kai kunu sai ta kurɓa kaɗan ta ture kwanon. Daga baya ta aike ni kasuwa na sayo mata farin alawayyo, ta ninke shi ta tura ƙarƙashin matashinta, ta ce da shi za a rufe ta, kada a wahalar da kowa.

Ni Talatu, tun da aka kawo ni gidan nan muke faɗa da matar nan. Ni 'yar Zonkwa ce, aikin reluwe ya kawo ubana Minna. Ita kuwa Gbagyi ce ta asali, an haife ta a kan dutsen Gunape can bayan Bosso, tun kafin mutanensu su sauko su zauna a ƙasa. Faɗan namu kullum a kan kaya yake. Ni a ka nake ɗauka kamar yadda uwata ta koya mini, su kuwa a kafaɗa suke ɗauka, wai kai ya riga ya ɗauki tunanin mutum, ba a ƙara masa wani nauyi. Duk ranar da na shigo da tulu a ka sai ta ce, "Ga 'yar Zonkwa nan ta danne ɗan hankalin da ya rage mata." Ina jin haushi, ina kuma ramawa. Amma da ta yi shiru sai gidan ya zame mini kango. Na fi son zagin da wannan shirun, kuma tsoro ya kama ni sosai, domin kullum in na riƙe hannunta sai in ji ya ƙara ƙanƙancewa.

Mijina Shekwolo, Baban Fibi, mai zanen motoci ne. Rumfarsa tana ƙofar gidanmu, kuma a lokacin da wuya babbar mota ta tashi daga tashar Minna ba da hannunsa a jikinta ba. Mutumin kirki ne, amma yana da ciwo ɗaya, ba ya iya ganin wuri fari ya ƙyale. In ya zana zaki, sai ya sa masa giginya a baya, a kan giginyar tsuntsu, a bayan tsuntsun jirgin sama, in ɗan gefe ya rage ya cika shi da furanni. Har murfin tukunyata bai tsira ba.

Wata ranar Alhamis sai ga Mista Fong a rumfar. Mutumin ƙasar Sin ne, wakilin wata masaƙa ta Kaduna, yakan zo a jirgin ƙasa da samfurin atamfa ya sauka a wani ɗaki kusa da kasuwa. Baban Fibi ne ya taɓa rubuta masa allon shago. Ran nan ya zo rungume da wani dogon abu naɗe a zane, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Ya warware shi a kan tebur, muka matso. Takarda ce doguwa, siririya, an manna ta a kan siliki, da sanda sama da ƙasa da igiyar ratayewa. A jikinta dutse ne ya hau kan dutse har can sama, duk da baƙar tawada, wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri ruwan toka kamar hayaƙi. Ga ruwa yana zubowa ta tsakanin duwatsu, ga wata hanya siririya tana ɓacewa tana bayyana. Kusan rabin takardar kuwa fari fat, ba a taɓa shi ba.

"Wannan na kakana," in ji Mista Fong da Hausarsa ta Kaduna. "Gara ya ci sanda na kasa. Ka gyara sanda kawai."

Baban Fibi ya sa hannu a haɓa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sandar ba matsala, maɗaci zan sa, gara ba ta kusantarsa. Amma Mista Fong, kakan nan naka tawada ce ta ƙare masa? Dubi fili duk a banza. Bar ni in sa maka shuɗi a sama, kore a nan, rana tana fitowa a can. Kyauta zan yi maka."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi ja haka ba. Mista Fong ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan takardar, yana cewa a'a, a'a, a'a, har sai da na sa baki na ce ya kwantar da hankalinsa, ni ce zan tsare, ko ɗigon fenti ba zai taɓa ta ba. Sai da ya sa mijina ya rantse sannan ya tafi, yana tafiya yana waiwaye.

Da aka sa sabuwar sandar, sai aka rasa inda za a rataye abin ya bushe a miƙe. Rumfa tana yoyo, ɗakinmu yara suna shiga da hannun manja. Ɗakin Iya kaɗai ne mai sabon kwano, kuma ba mai shiga sai ni. Nan Baban Fibi ya buga ƙusa ya rataye shi. Iya ko juyowa ba ta yi ba.

Washegari da safe na shiga da kunu na tarar fuskarta ta bar bango.

"'Yar Zonkwa," ta ce, muryarta a dushe, "wa ya hau Gunape ya zano shi?"

"Iya, ai wannan dutsen ƙasar Sin ne, can gabashin duniya."

"Ƙarya kike yi. Matso ki buɗe idonki."

Na matsa. A kan siririyar hanyar nan, can ƙasa kusa da ruwa, akwai wani ɗan mutum bai fi ƙwayar wake ba, ya ɗan sunkuya, da kaya a kafaɗarsa. Ni duk kallon da na yi jiya ban gan shi ba.

"To gaya mini," in ji Iya, "a faɗin duniyar nan wa ke ɗaukar kaya a kafaɗa in ba mu ba?"

Na miƙa mata kunun. Ta yunƙura ta jingina da bango, ta karɓi kwanon daga hannuna, ta fara nuna mini rafin da suke ɗiban ruwa, da inda 'yan mata ke hutawa, da kogon da kura ta taɓa haihuwa. Tana magana tana kurɓa, ba ta ma san ta shanye ba. Na fito da kwanon wofi na nuna wa Baban Fibi, shi kuwa ya zauna a kan gwangwanin fenti yana share ido da gefen riga. Daga ranar ta koma cin abinci. Tashi dai ba ta tashi ba, amma zagi ya dawo, har ta ce tuwona ya yi ruwa, na ji daɗi kamar an ba ni sabon zane.

Da Mista Fong ya dawo, ya shiga gaishe ta ya rusuna har ƙasa. Ta tsare shi da tambayoyi. Ya ce su ma a garinsu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, da doguwar gora. Iya ta gyaɗa kai ta yanke hukunci, ta ce ashe Gbagyi ne da suka ɓata hanya tun zamanin kakanni, kuma ya ga yadda nisa da gida ya ƙanƙance musu ido. Shi kuwa ya yi dariya har da tari. Amma da muka fito tsakar gida sai ya gaya mana abin da ya kawo shi. Masaƙar ta mai da shi Ikko, ƙarshen wata zai zo zuwansa na ƙarshe, kuma dole ya tafi da zanen. Ya ce da shi kaɗai ya baro gidan kakansa yana yaro, a ɗaure a bayansa, gidan kuma yanzu ba ya jin akwai shi. Na ga bakin mijina yana motsi zai roƙa, na mintsine shi. Ba a roƙon mutum irin wannan abu.

Mista Fong ya yarda ya bar mana shi zuwa ƙarshen watan. Mu duka mun san abin da zai faru ranar da ƙusar nan ta zama wofi.

"Dutse ne fa kawai," in ji Baban Fibi da muka zauna shawara. "Ni da na zana zakuna sun fi ƙarfin lissafi, dutse zai gagare ni?"

Ya samo allon katako mai faɗin ƙofar bayan mota, ya buɗe gwangwanayensa duka. Ya yi kwanaki a kai. Dutsen ya fito kore shar, sama shuɗiya, rana ja, ga gonar doya, ga shanu, ga kuka, ga tsuntsaye jere, har da jirgin ƙasa yana wucewa a gindin dutsen. Direbobi suka taru suna yabo, wani har ya ce a sayar masa. Muka ciccibi allon mu biyu muka shigar da shi ɗakin Iya muka jingine.

Ta dube shi sau ɗaya.

"Wannan bayan mota ne," ta ce. "Ta ina zan hau? Kuma ka toshe ko'ina da fenti, ina zan sa mutanena? Fitar da shi, warinsa yana hawa mini kai."

Mijina ya fito jiki a sanyaye. Na tausaya masa, amma gaskiya tsohuwar ta faɗa. Da Mista Fong ya biyo ta wurinmu a tsakiyar wata, Baban Fibi ya ajiye girman kai ya tambaye shi yadda ake yin abin. Mutumin ya ce shi ba mai zane ba ne, atamfa ya sani, amma yana tuna abin da kakansa ke gaya masa. Wai mai irin wannan zane ba ya zama gaban dutse yana kwaikwayo. Hawa yake yi, ya gaji, ya sha ruwan wurin, ya dawo gida, sannan ya zana abin da ya rage a cikinsa. Mai kallo kuma daga ƙasa yake farawa, ya bi hanya da ido har sama, shi ya sa ake yin takardar doguwa a rataye ta a tsaye. Farin kuwa hazo ne, ko ruwa, ko nisa, kowa da abin da zai gani a ciki.

"Kai ka taba hawa dutsen mamanka?" ya tambaya.

Baban Fibi ya sunkuyar da kai. A Bosso aka haife shi, daga nesa kawai yake hango Gunape.

Ranar Asabar muka bar Iya da 'yarmu Fibi, muka shiga motar da ke zuwa ƙauye tun da asuba. Direban ya sauke mu inda hanya ta ƙare, muka ratsa gonakin doya da ƙafa, raɓa ta jiƙa mini zane har gwiwa. Ni ce ɗauke da ƙwaryar abinci da gorar ruwa, a ka mana, ina kuma zan sa? An yi ruwa da dare, saboda haka da muka isa gindin dutsen ba mu ga kansa ba sam. Farin hazo ya yanke shi gida biyu, ƙasa baƙin dutse jiƙaƙƙe, tsakiya babu komai, can sama kuma kan wata kuka yana yawo shi kaɗai kamar ba shi da gindi. Baban Fibi ya tsaya baki buɗe.

"Talatu," ya ce, "ashe kakan Mista Fong ya gama aikinsa."

Muka tsallake rafin, muka kama hanya. Hanyar ta kusa mutuwa, ciyawa ta cinye ta, amma sawun ƙafar kakanni ya lotsa dutsen, shi muka bi. Can tsakiya muka iso wani wuri inda ƙaton dutse ya sunkuyo a kan hanya, hagu rami, dama bango. Iya ta sha ba ni labarinsa, tana ce masa dutsen gaisuwa, domin ko sarki ne sai ya rusuna kafin ya wuce. Na zo zan shiga, ƙwaryata ta bugi dutsen. Na durƙusa, ta sake bugawa. Babu yadda na iya, na sauke ta na ɗora a kafaɗa, na sunkuya na wuce lafiya lau. Baban Fibi ya yi ta dariya har yana riƙe ciki, na ce masa in ya kuskura ya gaya wa uwarsa, ya nemi mai dafa masa tuwo.

A sama babu ɗaki ko ɗaya. Sai gindin rumbuna, da duwatsun murhu uku-uku, da ramukan niƙa a jikin fa cike da ruwan sama. Bayan kukar akwai ƙananan tarin duwatsu jere, wasu ba su kai tsawon hannuna ba. Mijina ya san 'yan'uwansa uku suna binne a nan, waɗanda aka haifa kafin shi, amma bai san wane tari ne nasu ba. Ya zauna a kan fa yana kallonsu. Hazon yana zuwa ya rufe wurin, ya janye, ya sake rufewa. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Muka ci doyarmu, muka sha ruwan ramin niƙa, muka sauko.

Sai aiki. Tawada muka nema wurin maƙwabcinmu Malam Maiwada, mai rubutu da zayyanar allo, wanda ke haɗa tasa da baƙin tukunya da ƙaro. Da ya ji abin da za a yi da ita, ya cika mana kwalba ya ce Allah ya tashi kafaɗar Iya. Ya kuma shigo ya ga zanen Mista Fong, ya sunsuna, ya ce wannan ma hayaƙi ne da danko, duk tawadar duniya uwarsu ɗaya. Buroshin fenti ya yi kauri, saboda haka Baban Fibi ya aske gemun bunsurun Gaiya mai kanti ya ɗaure a bakin kara, bunsurun bai sake yarda da shi ba har ya mutu. Ya jera kwanona guda huɗu, na farko tawada zalla, na biye da ruwa kaɗan, har na ƙarshe wanda kusan ruwa ne. Takarda irin ta Sin babu ita a Minna, sai muka gwada a buhunan fulawa. Tawadar ta bazu ta zama taɓo kamar an zubar da miya. Ni na gano maganin. Na jiƙa buhun a ruwan sitacin rogo, na shanya, na goge da dutsen guga, sai ga layi ya tsaya inda aka sa shi, in kuma an jiƙa gefe da ruwa ya narke a hankali kamar hayaƙi.

Ya lalata buhuna da yawa. Hannun da ya saba danna fenti a katako sai da ya koyi sauƙi. Da ya fara samu, ya ce a sayo farin yadi dogo wanda ba ɗinki. Kasuwa cike take da alawayyo, amma ni akwai wanda nake so ya bar ƙarƙashin kan tsohuwa. Da na zo canja mata tabarma na zare shi, na tura tsohon zanen gado a madadinsa. Har yau in na tuna ina jin daɗin kaina.

Muka shimfiɗa alawayyon a ƙasan rumfa, tsawonsa ya kai mutum tsaye da hannu a miƙe. Baban Fibi ya fara daga rafi ya hau. Ya sa sawun ƙafa a dutse, ya sa dutsen gaisuwa da baƙi mai ƙarfi, ya sa ɗorawa da kaɗanya a maimakon itatuwan Sin masu ganye kamar tsintsiya, can sama ya sa kan kukar da ramukan niƙa. Da ya iso bayan kukar sai ciwonsa ya tashi. Na ga ya tsoma buroshi yana duban farin wurin, hannunsa yana ƙaiƙayi.

"Bari in ɗan sa ɗakuna, ko biyu ne. Da ɗan tsuntsu."

"Baban Fibi, ajiye."

"Wurin ya yi wofi da yawa, Talatu."

"Ka san inda ɗakinta yake? Ka san wane tari ne na 'yan'uwanka? To bar mata wurinta."

Na fizge buroshin na soke a ɗankwalina na shige madafa. Ya biyo ni yana roƙo, ya ce abu ɗaya tak ya rage, a ƙasa ne ba a sama ba. Sai da ya rantse na ba shi, kuma bai bar ni na ga abin da ya ƙara ba. Ya sa sandar maɗaci sama da ƙasa, ya naɗe.

Ranar ƙarshe Mista Fong ya zo da akwatinsa, jirginsa na yamma ne. Ya shiga ya rusuna wa Iya, ya sauke zanen kakansa, ya naɗe shi a hankali daga ƙasa zuwa sama. Iya tana kallo rafin ya shige cikin naɗin, ɗan mai kayan ya bi shi, dutsen duka ya tafi. Ta zame ta kwanta, ta juya ga bango.

Baban Fibi ya hau kujera ya rataye namu, ba a tsohuwar ƙusar ba, can a katakon rufi. Ya saki sandar, alawayyon ya warware har ya kusa taɓa ƙasa. Mista Fong ya ja numfashi ya faɗi wata kalma da harshensu.

"Iya," in ji mijina, "na hau Gunape."

A hankali ta juyo da kai. Ta duba, ta ƙara dubawa, ta yunƙura ta zauna, ta ja jiki da gindi har gaban yadin. Ta sa yatsa a rafin.

"Wancan na baƙon itatuwansa ba namu ba ne," ta ce. "Na yi shiru ne don kada in ba shi kunya. Ga ɗorawar gidan Zamani. Ga inda na fasa tulun uwata." Yatsan ya hau, yana bin hanya, ya tsaya a dutsen gaisuwa. Ta matso da fuska. A ƙarƙashin dutsen akwai wata 'yar mace bai fi ƙwayar wake ba, ta sunkuya, da ƙwarya a kafaɗa, da wani ƙaton ɗaurin ɗankwali da kowa a Sabon Gari ya san mai shi.

"Wace ce wannan?"

"Talatu ce, Iya," in ji maci amanar.

Tsohuwar ta dube ni, ta yi wata dariya da rabon da in ji ta tun kafin damina. "Ashe dutse ya koya miki abin da na kasa."

Ta ci gaba da hawa. Yatsan ya wuce kogon kura, ya wuce inda 'yan mata ke hutawa, ya shiga hazo ya fito, sai hannun ya ƙare. Kukar da farin wurin da ke bayanta suna can sama, ta miƙa iya miƙawa ba ta kai ba. Ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta tsaya, ta waiga ta dubi matashinta.

"'Yar Zonkwa, wannan ba alawayyona ba ne?"

"Shi ne, Iya."

"To da me za a rufe ni?"

"Sai ki je kasuwa ki sayo wani. Ni na gama aike."

Ta zage ni da Gbagyi, zagi mai tsawo, wanda Baban Fibi ya ƙi fassara mini har yau. Sannan ta ce masa ya sauko mata da yadin ƙasa yatsanta ya kai gidansu. Ya ɗaga ƙafa zai hau kujera, na janye kujerar na zauna a kai.

"Iya, dutse ne fa. Mu ma da ƙafa muka hau shi."

Mista Fong yana bakin ƙofa rungume da zanensa, Malam Maiwada ya leƙo ta taga, Fibi tana bayan ubanta. Iya ta dube ni da idon da zai iya ƙona ciyawa. Ta dubi farin wurin. Ta sake duba na.

"Matso nan, marar kunya."

Na durƙusa a gefenta. Ta kama kafaɗata, farcenta ya shige mini fata, ta kafa ƙafa ɗaya a ƙasa, ta kafa ɗayar. Ina jin jikinta duka yana rawa kamar ganye. Na fara miƙewa a hankali, tana biye da ni, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta ja tsaki, ta miƙe tsaye. Malam Maiwada ya yi kabbara ta taga, Fibi ta rangaɗa guɗa, mijina yana ta cewa mun gode Allah, mun gode Allah, hawaye har haɓa.

Iya ba ta kula kowa ba. Ta miƙa hannu ta dafa farin wurin da ke bayan kukar, inda ko ɗigon tawada babu.

"Nan ɗakin uwata," ta ce. "Nan nawa. Nan Yona yake, nan Jiya, nan 'yar macen da ba ta kai a raɗa mata suna ba. Shekwolo, zo ka ga 'yan'uwanka."

Ya zo ya tsaya kusa da ita, ta kama yatsansa ta ɗora a wuri uku, ɗaya bayan ɗaya. Mista Fong ya ajiye akwatinsa ya rusuna, ban sani ba ko ga tsohuwar ko ga yadin.

Da ta gama ta ce rana take so, ɗakin nan warin kwanciya yake yi, kuma tana so ta ga irin ɓarnar da na yi wa tsakar gidanta. Muka nufi ƙofa, taku ɗaya sai hutu, nauyinta duka a kafaɗata ta dama. Ƙasusuwa ne kawai, amma ban taɓa ɗaukar kayan da na yi alfahari da shi haka ba. A bakin ƙofa ta tsaya, haske ya bugi fuskarta, ta lumshe ido. Sai ta ɗan bubbuga inda take riƙe da ni.

"To, 'yar Zonkwa," ta ce, "yau da a ka za ki ɗauke ni?"